Yadda Ake Sa Word Ya Riƙa Jera Lambobin Kundi da Kansa

An sha tambayata wannan magana, musamman ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu da yaran da ke aiki a shagunan buga takardu: yaya za a yi lambobin nan na 1.1, 1.2, 2.1 su daina rikicewa? Wannan ya ce da ya ƙara layi ɗaya sai jerin ya koma daga 1. Wancan ya ce nasa kuwa ya ƙi komawa, babi na uku ya fara masa da 2.9. Wani kuma rubutun ne ke tsalle zuwa tsakiyar shafi da zarar lamba ta kai 10.

Kwanakin baya wata ɗaliba ta zo mini da filash da kundi a hannu, ido ya yi ja. Malamin da ke duba aikinta ya ja layi da jan biro tsakanin 2.3 da 2.4, ya rubuta a gefe cewa a saka sabon sashe a nan. Babin ya kai 2.17, kuma duk lambobin da hannu ta buga su ɗaya bayan ɗaya. Ban da wannan, cikin babi na huɗu ta yi ta cewa "kamar yadda aka gani a 2.9", "duba 2.12", ga kuma ƙunshiya da ta jera da ɗigo-ɗigo har zuwa lambar shafi. Ta ce, "Malam, yanzu duk sai na bi na canza?" Na ce, "Malama, wannan karon sai an bi. Amma daga shi an gama." Abin da muka yi a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan.

Maganar a taƙaice ita ce, lamba ba a jikin rubutu ya kamata ta zauna ba, a jikin salo take zama. Salo shi ne abin da Word ke kira Style, wato tsarin da aka sa wa suna, irin su Heading 1 da Heading 2. Idan ka ɗaura lambobi a kan salo sau ɗaya, aikinka daga nan shi ne ka gaya wa Word cewa wannan layin kan babi ne, wannan kan sashe ne. Ƙirga kuwa ka bar masa.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai cikakken Word, wanda aka girka a cikinta. Daga na 2007 zuwa yau akwatunan da za mu shiga kusan iri ɗaya ne, don haka tsufan sigarka ba matsala ba ce. Word na waya da na burauza suna nuna lambobin da aka riga aka gina, amma ba a nan ake ginin ba. Idan ba ka da Word kuma ba ka da kuɗin lasisi, LibreOffice Writer kyauta ne, yana yin aikin nan tsaf, na kuma yi bayaninsa a ƙasa.

Kuɗin da ke cikin harkar nan ba na manhaja ba ne, na sake bugu ne. Kuskuren lamba ɗaya a babi na biyu yana iya jawo sake buga babin da ƙunshiya, sau adadin kwafin da sashenku ya nema, wani lokaci bayan an riga an ɗinke. Ginin kansa rabin sa'a ya ishi mai koyo.

Mataki na 1: Yi kwafi, ka kunna alamomin ɓoye

Kafin ka taɓa komai, ka adana fayil ɗin da wani sabon suna, ka yi aiki a kan kwafin. Sannan ka danna Ctrl+Shift+8, ko alamar ¶ da ke shafin Home. Za ka ga alamar ¶ a ƙarshen kowane sakin layi, ɗigo a duk inda aka danna sarari, kibiya a duk inda aka danna Tab. Shafin zai yi kamar an watsa masa gero, amma ka daure, ba sa fita a bugu. Da su za ka gane inda aka yi ta danna sarari sau goma don a tura kanu tsakiya.

Ga hanyar gane lambar hannu da ta Word: danna kan lambar. Idan 'yar sandar nan mai ƙiftawa ta shiga tsakanin alƙaluman, da hannu aka buga. Idan lambar ta yi toka gaba ɗaya tare da 'yan'uwanta, ta Word ce.

Mataki na 2: Hana Word yin shisshigi

Word yana da ɗabi'ar da ka rubuta "1." ka danna sarari sai ya mai da layin jeri ba tare da ka nema ba. Kowane irin wannan jeri zaman kansa yake yi, bai san da sauran ba, kuma rabin rikicin da ake kawo mini daga nan yake tasowa. Shiga File, sai Options, sai Proofing, sai AutoCorrect Options, ka buɗe shafin AutoFormat As You Type, ka cire alamar da ke gaban Automatic numbered lists. Tun kana cikin Options ɗin, leƙa Advanced, ka gangara sashen Display, ka mai da ma'auni zuwa santimita idan a inci yake, don alƙaluman da zan bayar su yi daidai da abin da kake gani.

Mataki na 3: Gyara kamannin kanu tukuna

Heading 1, 2 da 3 suna zuwa da shuɗin launi da wani font, wato nau'in haruffa, da ba shi ake so a kundi ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke gudunsu, alhali gyaran na minti biyu ne. A shafin Home, danna Heading 1 da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Modify. Sa font da girman da sashenku ya ce, galibi Times New Roman 12, launi baƙi, mai kauri, a tsakiya. Daga nan danna Format a ƙasan akwatin, sai Paragraph, sai Line and Page Breaks, ka sa alama a Page break before. Daga yau kowane babi zai fara a sabon shafi da kansa, ba sai ka yi ta danna Enter har shafi ya ƙare ba. Ka yi wa Heading 2 da 3 irin wannan gyara, sai dai su a hagu, kuma ban da tsallake shafi.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka sa alama a Automatically update, domin idan ka sa, duk ƙaramin canjin da ka yi wa kanu ɗaya zai bazu ga dukkan kanun da ke da wannan salon. Na biyu, kada ka taɓa tazarar gefe, wato nisan rubutu daga bakin shafi, a wannan akwati. Tana da wurinta a mataki na gaba, kuma idan aka saita ta a wurare biyu sai su riƙa ja-in-ja.

Mataki na 4: Gina jerin, sau ɗaya tak

Nan ne gundarin aikin, don haka a bi a hankali.

Je kan babi na farko, ka sa 'yar sanda a layin, ka danna Ctrl+Alt+1 ya zama Heading 1. Kana nan a kan layin, duba rukunin Paragraph a shafin Home. Akwai maɓallai uku a jere: na ɗigo, na lamba, da na uku mai suna Multilevel List. Na ukun nan kaɗai ne namu. Na tsakiyar, mai 1, 2, 3, ka manta da shi a wannan kundi.

Danna Multilevel List. Cikin samfuran da za su bayyana, akwai wanda ke nuna 1, 1.1, 1.1.1 da kalmomin Heading 1, Heading 2, Heading 3 a gefensu da launin toka. Shi za ka zaɓa. Akwai wani mai kama da shi sak amma babu kalmar Heading, wannan bai ɗaure da salo ba, kuma shi ne ramin da aka fi faɗawa.

Sake danna Multilevel List, wannan karon ka gangara ƙasa ka zaɓi Define New Multilevel List. Sunan yana ruɗarwa, kamar sabo za a yi, amma muddin 'yar sanda tana kan jerin, shi ɗin za ka gyara. Da akwatin ya buɗe, danna More a ƙasa ta hagu, ya buɗe gaba ɗaya. A hagu za ka ga lambobi 1 zuwa 9, su ne hawa tara na jerin. Uku na farko muke buƙata.

Hawa na 1. Tabbatar Link level to style yana kan Heading 1. A gurbin Enter formatting for number za ka ga lamba 1 mai inuwar toka. Wannan inuwar ita ce shaidar cewa lambar mai rai ce, tana ƙirga kanta. Sa 'yar sanda a gabanta ka rubuta "Babi na " da sarari. Aligned at ya zama 0, Text indent at ya zama 0, in ba haka ba kanun ba zai zauna a tsakiya sosai ba, zai ɗan karkata dama. A Follow number with zaɓi Space idan sunan babin zai biyo a layi ɗaya, ko Nothing idan a ƙasa kake son sa. Idan a ƙasa ne, bayan ka fito sai ka danna Shift+Enter a farkon sunan. Enter zalla zai haifi sabon babi.

Kada ka goge lambar mai toka ka buga 1 da hannunka. Idan ka yi haka duk babobinka za su zama Babi na 1. In ta goge bisa kuskure, koma Number style for this level ka sake zaɓar 1, 2, 3, za ta dawo.

Hawa na 2. Link level to style ya zama Heading 2. Gurbin tsarin lamba ya nuna 1.1, duka biyun da toka. Idan ya lalace, share gurbin tas ka sake gini a wannan tsari: fara zaɓar Level 1 a Include level number from, buga ɗigo, sannan ka zaɓi 1, 2, 3 a Number style for this level. Idan ka juya tsarin, lambar sashe za ta riga ta babi, ka ga 3.2 a inda ya kamata a ga 2.3. Duba Restart list after, ya kasance da alama kuma yana kan Level 1. Wannan ɗan akwatin shi ne ke sa babi na uku ya fara da 3.1 maimakon ya ci gaba daga inda na biyu ya tsaya. Aligned at 0, Text indent at 1.27, Follow number with a kan Tab character.

Hawa na 3. Haka dai: Heading 3, Level 1, ɗigo, Level 2, ɗigo, sannan lambar hawan. Restart list after a kan Level 2. Text indent at ka ba shi 1.5 ko fiye, domin 2.12.10 tana da faɗi.

Sai ka gama duka ukun za ka danna OK. Kuma ka riƙe wannan doka: duk ranar da za ka koma gyara wani abu a jerin, ko da na hawa na 3 ne, ka fara mayar da 'yar sanda kan Heading 1 na farko a kundin, daga can ka buɗe akwatin. Gyara daga tsakiyar kundi yana iya raba jerin gida biyu, na sama da tsarinsa, na ƙasa da nasa.

Mataki na 5: Batun 1.0 da "Babi na Ɗaya"

Abubuwa biyu ne namu na gida da ba za ka samu a samfurin Word ba.

Na farko, a jami'o'i da kwalejojinmu an saba buɗe babi da "1.0 Gabatarwa" kafin 1.1. Wannan mai sauƙi ne: a hawa na 2, mai da Start at zuwa 0. Kowane babi zai fara da 1.0, 2.0, 3.0. Sharaɗin kawai shi ne kowane babi ya kasance da gabatarwarsa, in babu, sashen farko ne zai ɗauki sifilin.

Na biyu, rubuta lambar babi da kalmomi. Mai rubutu da Turanci da ke son CHAPTER ONE zai zaɓi One, Two, Three a hawa na 1, ya rubuta kalmar babin a gaba, ya shiga Font ya sa All caps. Amma sai ya je hawa na 2 da na 3 ya sa alama a Legal style numbering, in ba haka ba zai ga One.1 a maimakon 1.1. Mu masu kundin Hausa kuwa, Word bai iya "ɗaya, biyu, uku" ba. Ni shawarata a karɓi "Babi na 1", ya fi kwanciyar hankali. Idan malami ya kafe sai "BABI NA ƊAYA", to ga dabara: a hawa na 1 bar lambar ita kaɗai ba tare da wata kalma ba, danna Font, sa alama a Hidden, Follow number with a kan Nothing. Lambar za ta ɓuya amma tana ci gaba da ƙirga, 1.1 da 2.1 suna bin ta yadda ya kamata, kai kuma ka buga "BABI NA ƊAYA" da hannu. Babi biyar ko shida ne, ba su ne ke wahalarwa ba. Bayan ka fitar da ƙunshiya ka duba ta, idan lambar ta leƙo a can sai ka cire ta a gyaran ƙarshe.

Mataki na 6: Liƙa salo, ka kwashe lambobin hannu

Yanzu ka bi kundin daga sama. Kan babi, Ctrl+Alt+1. Kan sashe, Ctrl+Alt+2. Ƙaramin sashe, Ctrl+Alt+3. Ba sai ka zaɓi layin ba, 'yar sanda ta kasance a cikinsa ya isa. Buɗe View ka sa alama a Navigation Pane, za ka ga kanun suna jeruwa a hagu kana tafiya, wanda ka tsallake zai nuna kansa.

Lambobi za su fito biyu-biyu, ta Word da taka ta dā: "2.4 2.4 Ma'anar Karin Magana". Kada ka yi saurin goge ta hannun. Ka bari sai ka gama liƙa salo duka, ka kwatanta su. A kundin ɗalibar nan a nan muka gano ta yi 2.11 sau biyu, kuma babu 3.6 sam, malamin ma bai lura ba. Tsofaffin lambobin kuma za su yi maka amfani a mataki na 9.

Idan kanun suna da yawa, Ctrl+H zai rage maka aiki. Danna More, sa alama a Use wildcards, a gurbin nema rubuta [0-9]@.[0-9]@ da sarari ɗaya a ƙarshe, sannan Format, Style, Heading 2, don ya tsaya a kanun kaɗai. Bar gurbin musanyawa fanko. Ka riƙa danna Replace ɗaya-ɗaya kana kallo. Replace All zai iya cinye wani adadi da ke cikin sunan sashen kansa.

Idan wani kanu ya ƙi kama kamannin 'yan'uwansa, tsohon gyaran hannu ne ke jikinsa. Zaɓi layin, danna Ctrl+Space ya wanke na haruffa, Ctrl+Q ya wanke na sakin layi.

Mataki na 7: Jerin cikin rubutu

Wato irin manufofin bincike, tambayoyin bincike, shawarwari. Waɗannan su ne masu ƙin komawa 1, ko su koma a inda ba a so. Hanyar da kowa ya sani ita ce a danna lambar da dama a zaɓi Restart at 1 ko Continue Numbering. Tana aiki, amma da ka matsar da sakin layi ko ka kwafo wani, sai ta warware. Ga wadda ba ta warwarewa.

Ka lura kusan kowane jeri yana da jimlar da ke gabatar da shi: "Manufofin wannan bincike su ne:". Ita za mu sa ta zama mai mayar da ƙirga baya. Danna Ctrl+Alt+Shift+S jerin salo ya buɗe, danna New Style, ka yi sababbi guda uku, duk nau'in Paragraph, duk bisa Normal, wato salon rubutu zalla, a gurbin Style based on: "Buɗe Jeri", "Jeri Babba", "Jeri Ƙarami". Sa 'yar sanda a wani sakin layi na rubutu zalla, nesa da kanu. Danna Multilevel List, zaɓi Define New List Style, ka sa masa suna, sannan Format, Numbering. Akwatin da ka sani ne zai buɗe.

Hawa na 1 ka ɗaura shi da Buɗe Jeri, Number style a kan none, gurbin tsarin lamba fanko, Follow number with a kan Nothing, tazara duka 0. Hawa na 2 ka ɗaura shi da Jeri Babba, lamba 1, 2, 3 ko i, ii, iii da ɗigo a bayanta, Restart list after a kan Level 1, Aligned at 0.63, Text indent at 1.5. Hawa na 3 da Jeri Ƙarami, a, b, c, ya fara daga 1.5 rubutunsa a 2.25. Daga nan duk jimlar da ta gabatar da jeri ka ba ta Buɗe Jeri. Ba za ta nuna lamba ba, amma abin da ya biyo ta daga 1 zai fara, ko jeri ɗari ne a kundin.

Abin lura ga masu son a, b, c: abacadan Turanci Word yake bi. Babu ɓ, ɗ, ƙ, kuma idan jerin ya yi tsawo zai kawo p da q. Ga rubutun Hausa na fi son alƙaluma ko na Romawa.

Idan abu ɗaya a jeri yana da sakin layi na biyu da ba ya son lamba, kada ka danna Backspace ka cire lambar. Shift+Enter zai sauko da kai layi ba tare da sabuwar lamba ba. Matsar da abu sama ko ƙasa kuma, Alt+Shift da kibiyar sama ko ta ƙasa, lambobin za su gyara kansu kana gani.

Mataki na 8: Kanun da ba su da lamba

Sadaukarwa, Godiya, Tsakure, Manazarta, Rataye. Ana son su yi kama da kan babi, su kuma shiga ƙunshiya, amma ba babi ba ne. Idan ka ba su Heading 1, Godiya za ta zama Babi na 1. Yi sabon salo, ka kira shi "Kanu Ba Lamba", bisa Normal, kada bisa Heading 1, don zai gaji lambar. Ba shi kamanni irin na kan babi, sannan a Format, Paragraph, ka mai da Outline level zuwa Level 1. Wannan ya isa ya kai shi ƙunshiya.

Mataki na 9: Nuni da ƙunshiya

Lambobi masu gyara kansu suna da haɗari guda: kanun sun canza, amma "duba 2.9" da ka buga da hannu yana nan yadda yake, yanzu yana nuna wani wuri daban. Don haka kowane nuni sai an mai da shi mai rai. Goge lambar, shiga References, Cross-reference, Reference type a kan Numbered item, Insert reference to a kan Paragraph number, zaɓi sashen daga jerin, Insert. A nan ne kwafin asali da ka ajiye a mataki na 1 zai taimake ka ka san wane sashe tsohon 2.9 yake nufi.

Ƙunshiya kuwa, References, Table of Contents, zaɓi ta atomatik, ka canza kanunta zuwa Hausa. Jadawali da hotuna ma suna iya bin lambar babi: Insert Caption, New Label ka rubuta "Jadawali", sai Numbering, ka sa alama a Include chapter number.

Lambobin kanu suna canzawa nan take, amma nuni da ƙunshiya sai an tashe su. Duk lokacin da ka ƙara ko ka cire sashe, danna Ctrl+A sannan F9, ka zaɓi Update entire table. Bayan haka ka nemi kalmar Error da Ctrl+F. Idan ka goge sashen da ake nuni gare shi, Word zai rubuta "Error! Reference source not found." da baƙi mai kauri a tsakiyar jimlarka, kuma na taɓa ganin wannan a kundin da aka riga aka yi wa bango.

Mataki na 10: Idan wani abu ya karkace

Rubutu ya yi tsalle daga lamba ta 10: lambar ta fi gurbin da aka ba ta faɗi, sai Tab ya wuce zuwa zango na gaba. Koma akwatin jerin ka ƙara Text indent at na wannan hawan. Jan 'yan alamomin da ke kan rula layi ɗaya kawai yake gyarawa.

Lamba ɗaya ta yi ja ko kauri ita kaɗai: lamba tana ɗaukar kamannin alamar ¶ ta ƙarshen layinta. Zaɓi alamar ita kaɗai ka danna Ctrl+Space.

Lambar kanu ta zama baƙin akwati: sa 'yar sanda a farkon rubutun kanun, danna kibiyar hagu sau ɗaya lambar ta yi toka, danna Ctrl+Shift+S, sannan Reapply.

Komai ya hargitse bayan ka kwafo rubutu daga wani fayil: ya shigo da nasa jerin ne. Ctrl+Z, ka sake liƙawa da Keep Text Only, ka ba shi salonka. Masu haɗa babobin da aka rubuta a fayil daban-daban su kiyaye wannan sosai.

Ga mai LibreOffice Writer

Tunanin ɗaya ne, ƙofofin ne suka bambanta. Lambobin kanu suna ƙarƙashin Tools, Heading Numbering, wanda a tsofaffin sigogi ake kira Chapter Numbering. Hawa goma ne a nan. Zaɓi hawa, ka tabbatar da salon da ke ɗaure da shi, ka sa Number a kan 1, 2, 3. A gurbin Before na hawa na 1 rubuta "Babi na ". Show sublevels shi ne ke kawo lambar babi: 2 a hawa na biyu, 3 a na uku. Tazara tana shafin Position. Ctrl+1, Ctrl+2, Ctrl+3 su ne na liƙa kanu, Ctrl+M na wanke gyaran hannu, Ctrl+F10 na nuna alamomin ɓoye. Jerin cikin rubutu kuma, F11 zai buɗe salo, akwai rukunin List Styles, sai ka ɗaura wanda ka gina a kan salon sakin layi ta shafin Outline & List. F12 a nan shi ne takwaran maɓallin tsakiyar nan na Word, a bar shi.

Ko da wanne ka fara, ka ƙarasa da shi. Yawo da fayil tsakanin Word, Writer da manhajar waya yana ɗan motsa tazara kowane zuwa.

Kafin a kai bugu

Ctrl+A da F9 na ƙarshe, ka bi Navigation Pane da ido daga sama har ƙasa, sannan ka fitar da PDF ta Save As. PDF ɗin za ka kai shago, domin kwamfutarsu tana iya kasancewa da wata sigar Word ko ta rasa font ɗinka, shafuka su zame, ƙunshiya ta daina dacewa da su.

Idan kai mai shago ne, ko kana da wani rubutun a gaba, yi wani kwafin, share rubutun ka bar layi ɗaya na kowane salo, ka adana shi a matsayin Word Template, mai ƙarewa da .dotx. Duk aikin da ya shigo, danna wannan fayil sau biyu, sabon shafi zai buɗe da lambobinsa a ɗaure, ka fara daga mataki na 6.